Rabon Gindin Gawo

Shekarar da na gama sakandare, ina ajiye alƙalamin jarrabawar ƙarshe sai ga saƙo daga kakata wai in je tana nemana. Kakar tawa ta wajen uwa ce. Tana zaune a gidan Kawu, yayan Innarmu, a wani ƙauye na ƙasar Ajingi, mu kuma muna cikin garin Gaya. Na ari babur ɗin Yayana na tafi, ina ta saƙe-saƙen ko wani abin daɗi ta ajiye mini.

Na same ta a tsakar gida zaune kan tabarma, gabanta 'yan raguna biyu a ɗaure. Tagwaye ne, tunkiyarta ta haife su tun girbin da ya wuce. A gefenta kuma ga taubashiyata, 'yar Kawu, tana tsinke zogale tana hararata ta wutsiyar ido. Na girme ta kaɗan, amma tun muna ƙanana ban taɓa cin ta a baki ba. Da yake ni ɗan mace ne ita 'yar namiji, ba ta da wani suna da take kirana da shi sai bawanta.

Kaka ta ce, "Maigidana, zauna. Kai ga naka, mai kwalli a ido. Ke ƙawata, ga naki, mai jan kunne. Babbar Sallah bana ƙarshen damina za ta faɗo. Ranar jajibere ku kawo mini su nan. Wanda nasa ya fi ƙiba, shi zan ba uwar."

Taubashiyata ko ɗago kai ba ta yi ba ta ce, "Kaka, ai ba a gasa da bawa. In ya ci ma tunkiyar tawa ce."

Na ce, "Za ki ga bawa ganin idonki."

Na ɗaure ragona a kan tankin babur, ƙafafu biyu ta nan biyu ta can, na kamo hanyar Gaya ina waƙa shi kuma yana amshi. A raina har na gama raba 'ya'yan tunkiyar da jikokinta.

Ruwa ya riga ya sauka, ƙasa ta fara yin shar. Washegari na ɗauki lauje da buhu na fita ta hanyar Kademi neman ciyawa. Ni dai ɗan cikin gari ne, kiwon da na taɓa yi bai wuce na tantabaru ba, amma na yi wa kaina lissafi mai kyau. Na ce inda inuwa take nan sanyi yake, inda sanyi yake nan ciyawa za ta yi tsayi. Saboda haka na hango wata ƙatuwar tsamiya, wadda ta fi kowace bishiya duhu a wajen, na nufe ta kai tsaye ina wasa lauje a iska.

Gindinta fes, kamar tsakar gidan amarya. Ko tsinke ɗaya babu. Na zagaya ta, na sake zagayawa, ina duban ƙasa. Wata dattijuwa da ta zo wucewa da ƙwarya a ka ta tsaya tana kallona.

"Samari, me ka yar?"

"Ciyawa nake nema, Baba."

"A gindin tsamiya?" Ta riƙe haɓa. "Ai masu wurin kullum sai sun share gidansu. Ka dai yi musu sallama kafin ka shiga?"

Na yi bisimilla da ƙarfi na fice da baya da baya, ina jin dariyarta har na yi nisa. Daga nan na koma layin darbejiyar da ke bayan wata firamare. Nan ma haka, ƙasa ƙwal, sai busasshen ganye mai ɗaci. A ƙarshe fili na shiga, na yanko komayya, siririyar ciyawar nan ta jigawa, haɗe da ƙarangiyar da rabinta a wandona ta zo gida.

Ragon ya shinshina, ya ɗago ya dube ni da idon nan nasa mai kwalli, ya buɗe baki ya kurma kuka. Na ba shi dusa ya kau da kai. Na sa masa kanwa ya tuntsurar da kwanon. Haka ya yi ta yi safe da yamma har cikinsa ya fara lotsawa. Inna ta ce kewar ɗan'uwansa yake yi. Baba kuwa cewa ya yi, "Ka mayar da mawaƙin nan inda ka ɗauko shi, kafin maƙwabta su kai mu gaban mai unguwa."

Na sake ɗora shi a babur, wannan karon babu waƙa daga ɓangarena. Muna isa ƙofar gidan Kawu, kafin in gama kwance shi ya fizge ya faɗa cikin gida da igiya a wuya. Ina shiga na tarar ya cusa kai kusa da na ɗan'uwansa, suna ta dirkar wata ciyawa kore shar da taubashiyata ta zube. Ita kuma ta dafa turmi tana dariya har tana neman faɗuwa.

"Ka gani ko? Dabba ma ta san gidan iyayen gijinta."

Kawu ne ya raba gardama. Ya ce tunda ba ni da abin yi sai jiran sakamako, in tare a shagon samarin gidan, in taya su noma, in yi kiwon ragona a nan. Aka mayar wa Yaya babur ɗinsa, aka aika wa Inna, ta ce ta yarda, ko gidan ya huta da mu biyun.

Da safe Kawu ya saɓa fartanya ya ce mu biyo shi. Ya kai mu wata saura, gonar da ya bari ta huta shekarar. A tsakiyarta akwai wata doguwar bishiya fara, rassanta tsirara, babu ko ganye ɗaya, alhali duk itatuwan da ke kewaye sun yi lif. Ina so in nuna ni ma na san wani abu, sai na ce, "Kawu, wannan ai ta mutu. Da an sare ta Kaka ta samu makamashi."

Taubashiyata ta zauna daɓas a kan kunya tana riƙe ciki. Kawu ma sai da ya juya baya kafaɗunsa na rawa. Da ya natsu ya ce, "Gawo ne, ɗana. Dubi ƙasa tukuna."

Na duba. Abin da na gani har yau yana idona. Tun daga gindin bishiyar har iyakar inda rassanta suka kai, harkiya ce ta cika wurin, kore har tana baƙi-baƙi, ta kai gwiwa, raɓa na ɗiga daga bakinta. Tana ƙarewa a zagaye kamar an kifa faifai an zana. Da ka taka waje ɗaya sai ƙasa ta koma fara, sai komayyar nan tawa tsilli-tsilli. Na shiga ciki da gudu don murna, ƙayar gawo ta shige mini a dunduniya, na fito da ƙafa ɗaya.

Ina zaune ina cire ƙaya Kawu yake gaya mini halin gawo. Ya ce shi komai nasa a juye yake. Da rani, lokacin da kowace bishiya ta tuɓe, shi lokacin yake sa riga. Shanun maƙwabtansu makiyaya sai su taru a inuwarsa, su ci 'ya'yansa da ke zubowa, su yini a kwance suna tuƙa, su bar masa taki. Da ruwa ya sauka kuma sai ya kakkaɓe ganyensa duka a kan takin, su ruɓe tare, ya buɗe wa rana hanya. "To ƙasa ta ƙoshi, ga ruwa, ga rana. Me zai hana ciyawa?"

Na ba shi labarin tsamiyata. Ya ce ita tsamiya ba ta sakin inuwarta duk damina, ga ganyenta da tsami, saiwoyinta kuma a sama-sama suke shanye ɗan abin da ya sauka. Darbejiya ma kusan haka. Na ce, "Ashe ba masu wurin ne ke sharewa ba?"

Ya ce, "Ni ban ce babu su ba. Amma ko sun yi ƙaura, ba za ka samu ciyawa a wurin ba."

Nan fa rigima ta tashi, don taubashiyata ta ce gawon nata ne, tun farkon ruwa take yanka a nan. Kawu ya ja layi da fartanya daga arewa zuwa kudu, ya ratsa ta gindin bishiyar, ya ce kowa ya ɗauki ɓari ɗaya. Kafin in buɗe baki ta marairaice.

"Baba, don Allah ni yamma nake so. Ka ba ni yamma. Shi ya ɗauki gabas."

Na ce a raina, yarinyar nan ba ta son abu a banza. Na daka tsalle da ƙafata mai ciwo na dira a yamma na ce, "Babba ke fara zaɓe. Na ɗauki yamma!" Ta turo baki, ta ja ƙafa zuwa gabas kamar wadda aka yi wa mutuwa. Na lura Kawu ya duƙa yana gyara ƙotar fartanyar da babu abin da ya same ta.

Ba a daɗe ba na gane. Duk inda ta yanka a gabas, kafin ka ce kwabo ya sake tofowa, mai kauri, mai laushi. Nawa ɓarin yana tofowa, amma da jan jiki. Na rasa dalili, har ranar da ta ga na tsuguna a kan layin ina duban nan ina duban can kamar mai duba. Ta ce, "Bawana, in tambaye ka. Da azahar, in rana ta karkata yamma, ina inuwa take faɗawa?"

"Gabas."

"Shanu da wane lokaci suke neman inuwa?"

Na ce, "Da azahar."

"To a ina suke kwanciya? A ina suke zuba abin arzikin?" Ta ɗaga laujenta sama tana juyi a cikin harkiya. "Duk ranin bana ina kallonsu in na kawo wa Baba fura!"

Na rantse sai na rama. Na shiga kwasar taki daga turken gida a kwando, ina kai wa yammacina a ka, ruwansa na bin wuyana. Matan ƙauyen suka sa mini ido, wai ga ɗan birnin da ke yi wa ciyawa noma. Ita kuma ta samo wani zare tana auna cikin ragunan kowace safiya, ta ƙulla alama, ta zo ta karkaɗa mini a fuska. Ni ma na samo nawa zaren. Da na ga nata ya fi, sai in ce ta auna ne bayan ya sha ruwa. Kaka tana zaune tana kaɗi tana zuga mu. In na wuce ta ce, "Maigidana, naka fa wuyansa ya fara nauyi." In ita ta wuce ta ce, "Ƙawata, kada ki damu, nasa duk gashi ne."

Wata rana da hantsi muna yanka, kowa a ɓarinsa, hadari ya taso daga gabas baƙi ƙirin. Kafin mu ɗaure buhu ruwa ya ɓarke. Ni da wayona na ruga na manne da jikin gawon ina neman mafaka, na manta ba shi da ganye. Ruwa na dukana ta ko'ina kamar ina tsaye a fili. Ta tsaya daga can da buhu a ka tana ihu, "Ka ƙara matsawa, inuwar tana ta sama!" Muka kwasa da gudu zuwa bukkar gonar Kawu, muna zamewa muna tashi, muna dariyar da ta hana mu numfashi. Kawu yana ciki yana gasa masara. Ya dube mu ya girgiza kai ya miƙo mana ɗaya ya ce mu raba. Ta karya, ta duba, ta miƙo mini babban ɓarin. Na tsaya ina juya shi ina neman inda tarkon yake. Babu tarko. Masarar nan ban san lokacin da na cinye ta ba, kuma daga ranar na lura buhuna ya daina cika da wuri. In ta ɗaure nata sai in ga ni ma nawa ya isa.

Tsakiyar damina ruwa ya ɗauke. Gero ya fara naɗe ganye da rana, manya suka shiga roƙon ruwa. Komayyar fili ta yi ja ta kwanta. Ta gindin gawo ta fi jurewa, don ƙasar wurin baƙa ce tana riƙe laima, amma mu biyu mun aske ta sosai, Kawu ya ce mu ɗaga mata ƙafa kada mu kashe saiwar. Muka dawo gida da buhu a naɗe, raguna na kallonmu.

Kaka ce ta ce, "Ku je ɗorawar bakin fadama. Kada ku nufi gindinta, kada ku tsaya a rana. Ku bi bakin inuwar."

Haka muka tarar. Kusa da kututturen duhu ya yi yawa, babu komai sai busassun kwasfa. Can waje rana ta ƙone komai. Amma a tsakani, inda inuwa ke zuwa ta tafi, kyasuwa ce ta yi zobe ta kewaye bishiyar, doguwa har ƙugu, ganyenta lallausa kamar ba a san ana fari ba. Muka tsaya muna kallon juna. Ta ce, "Wa zai ja layi?" Na ce ban zo da fartanya ba. Ta ce ita ma haka. Muka duƙa muka yi ta yanka muna tarawa wuri ɗaya, har tulin ya fi ƙarfin buhunanmu, na tuɓe rigata ta sama muka ɗaure sauran. A gida muka zube gaban ragunan duka biyu, babu wanda ya ce ga nawa ga naka.

Ruwa ya dawo, gero ya farfaɗo, gindin gawo ya sake cika. Layin Kawu tuni ruwa ya shafe shi, kuma babu wanda ya nemi a sake ja. Bakinmu dai bai daina ba. Kullum tana cewa ragona kai ne kawai da ƙaho, ni kuma ina cewa nata kumburi ne. Amma hannu ɗaya ke ba su dusa, kuma sau da yawa sai in kama kaina ina sosa wa mai jan kunne wuya.

Ranar jajibere gidan ya cika. Inna da Baba sun zo daga Gaya a a-daidaita-sahu, maƙwabta sun leƙo ta katanga. Muka wanke ragunan da sabulu har suna ɗaukar ido. Kaka ta sa aka kawo mata kujera 'yar tsugune. Ta taɓa gadon bayan wannan, ta taɓa na wancan. Ta matsa ƙirji, ta ɗaga wutsiya, ta sa aka zagaya da su, ta ce a sake zagayawa. Ta rufe ido tana gyaɗa kai kamar alƙali. Wallahi a lokacin ban san wanne nake so ya ci ba.

Ta buɗe ido ta ce, "Kunnen doki."

Muka haɗa baki, "Kaka!"

"Kunnen doki na ce. Tunda babu wanda ya ci, uwar tana nan a turkena. Mai jan kunne shi ne layyata. Mai kwalli a kai wa 'yata Gaya ta yi tata. Allah ya yi muku albarka, ban taɓa samun masu kiwo irinku ba, ko ruwa ban ba ku ba."

Tsakar gida ta kaure da shewa. Baba har da share hawaye da bakin rawani. Taubashiyata ta zube a gaban Kaka tana cewa an cuce mu, a kai mu gaban dagaci, ni kuma ina bayanta ina cewa ni ne shaida. Kaka ta ce mu je, dagacin ma ita ta yi wa uwarsa wankan jego.

Bayan Sallah na koma Gaya. Sakamako ya fito, ya yi kyau, aka yi ta yi mini barka, amma zaman gidan ya gagare ni. In na zauna sai in miƙe, in na fita sai in dawo. Wata safiya na ɗauki lauje da buhu, na ari babur ɗin Yaya, sai ga ni a saurar Kawu. Damina ta yi sallama. Harkiya ta bushe ta yi ruwan ƙasa, gawon kuwa ya fara fitar da sabon ganye, ƙanana kore a duk rassansa. Na jingine babur na tsaya ina kallon hanyar da ake kawo fura.

Kawu ne ya ɓullo, shi kaɗai. Na durƙusa na gaishe shi. Ya dubi buhun ya dube ni.

"Wa za ka yankar wa? Ragon da muka cinye?"

"Tunkiyar Kaka, Kawu."

"Tunkiyar kakarka harawa ta yi mata yawa."

Na shiga tonon ƙasa da bakin lauje. Ya bar ni na tona har na gaji, sannan ya ce, "Ka koma gida ka ce ina gaida mahaifinka. Ka ce masa in akwai magana, manya ke kawo ta, ba a kawo ta a buhun ciyawa. Amma sai ta gama makarantarta, kai ma ka kama abin yi. Kuma ni ba na yi wa 'yata dole, sai da na tambaye ta."

Ban san lokacin da bakina ya suɓuce ba. "Me ta ce, Kawu?"

"Kai, tashi ka ba ni wuri, marar kunya." Ya juya zai tafi, sai ya tsaya. "Ba ta ce komai ba. Yarinyar da tunda ta fara magana ba ta taɓa yin shiru ba. Ta rufe fuska ta shige ɗakin kakarku, har yanzu ana jin su suna ƙus-ƙus."

Haka kuwa aka yi. Ta gama makarantarta, ni ma na yi nawa karatun na kama aiki, aka ɗaura mana aure, Kaka na da rai ta yi rawa da sandarta. Amma ranar nan dai, da Kawu ya ba da baya, na miƙe na kama hanyar Gaya. Ina tafe ina gaida duk wanda na gani, har da waɗanda ban sani ba, har da wani jaki. Wani mai kai buhunan gyaɗa kasuwa ya rage mini hanya a bayan motarsa, na zauna a kan kayan ina ta yi masa godiya kamar ya ba ni kujerar Makka. Na shiga gida da sallama mai ƙarfi, ina murmushi har kunne. Yaya yana zaune a zaure yana jirana da hularsa a hannu, zai tafi ɗaurin aure. Ya leƙa bayana, ya leƙa waje, ya dawo ya dube ni.

"Ina babur ɗina?"